Hoton Kafaɗar Dama

Sallama gare ku, masu bibiyata. Yau da hannun hagu nake danna muku wannan rubutu, don haka duk wanda ya ga harafi ya karkace ya yi mini uzuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ummulkhairi, 'yar Goni Mustapha na Koki. Gidanmu ba ya ɓata, don tun daga bakin lungu ƙamshin turaren wuta zai kama maka hannu ya kai ka har ƙofa. Kakata ta wajen uba, Ya Kaka, ita ta zo da sana'ar gyaran amare daga Borno shekara hamsin da suka wuce, kuma ni ce hannunta na dama tun ina 'yar sha uku. Ita ke haɗa dilka da humra, ni ke murza. Amaren da suka fita daga ɗakinmu suna sheƙi ba su ƙirguwa. Ni ma an sa mini rana, bayan Babbar Sallah, da Nata'ala mai shagon kayan fata a Jakara. Da a ce komai ya tafi daidai, da yanzu hoton ankon biki nake turo muku.

Abin ya faru ne wata huɗu da suka wuce, ranar wata Laraba da hantsi. Umma ta tafi barka, Baba Goni yana zaure da ɗalibansa. Ya Kaka ta hau bene ɗauko kwalbar humra, don ba ta yarda kowa ya taɓa mata kwalabenta. Matakalarmu ta ƙasa ce, duk bakinta ya zaizaye. Ina ƙasa ina tankaɗen kurkum na ji silifas ɗinta ya zame. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai san na cafko ta da hannun dama ta ƙarƙashin hammata, duk nauyinta ya sauka a kaina, na ji wani abu ya ce ɗas a cikin kafaɗata.

Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kwalbar ma ba ta fashe ba.

Muna zaune a ƙasa muna haki ta riƙe mini haɓar zani. "Ummu, ki rufa mini asiri. Kin san rantsuwar ubanki."

Na sani. Tun bara da jiri ya ɗebe ta a banɗaki, Baba ya rantse idan ta sake faɗuwa an gama gyaran amare a gidan nan, kuma zai mayar da ita wajen ƙanwarsa a Rijiyar Zaki, gidan da ba matakala. Ya Kaka kuwa ta fi son a kai ta kabari a kan a raba ta da Koki. Na ce mata ba wanda zai ji. Na ɗauka targaɗe ne na kwana biyu.

Ashe na ɗauko wa kaina kaɗaici ne.

Hannun yana nan lafiya ƙalau a ido. Babu kumburi, babu rauni. In ya sauka ƙasa zan iya riƙe cokali, zan iya danna waya kaɗan. Amma in ce zan ɗaga shi ta gefe ya kai tsayin kafaɗa, sai in ji kamar an soka mini tsinken tsire, ya sulale ya faɗo da kansa. Ɗaurin ɗankwali ya gagare ni. Tsifar kai ta gagare ni. Kabbarar sallah ma da ƙyar yatsuna ke kai ƙirji. Murzar dilka kuwa, wadda sai an sa ƙarfin kafaɗa, ba a ma maganarta.

Umma ta ce na yi kwanciyar banza a kansa. Aka kai ni wajen wani mai ɗori, ya ɗora ƙafarsa a haƙarƙarina ya ja hannun har na ga duhu, ya ce ya mayar da shi gurbinsa. Ban san inda ya mayar da shi ba, ni dai na san kwana uku ban iya sa riga da kaina ba. Daga nan aka yi mini hoton ƙashi. Ba zan manta ba, Umma ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga shi saitin rana kamar mai duba sabon yadi.

"Ga shi nan fes. Ko tsagewa babu. To ina ciwon, Ummulkhairi?"

"Umma, wallahi yana ciki."

"A cikin ina? Hoto ya ce babu, ke kin ce akwai. Tunda aka sa miki rana kika ga kin fi ƙarfin murza jikin 'ya'yan mutane, shi ke nan."

Idan na ce ga ranar da abin ya faru, za a tambaye ni me na ɗauka. Matan lungu kuma suka samu na yi. Wata ta ce iska ce, ai dama mai zubar da ruwan zafi da magariba ba ta rasa gamo. Wata ta ce hannu aka sa mini saboda auren. Baba ya yi mini rubutu na sha har na gaji da ɗanɗanon tawada. Kowa yana da sunan ciwona, ba wanda ya tambaye ni yadda nake jin sa.

Ya Kaka kaɗai ta sani, ita kuma ba ta da bakin magana. Kullum da safe za ta kira ni ɗakinta wai in miƙo mata carbi, sai ta sakaya labule ta ɗaura mini ɗankwali, ta zuge mini zif, ba ta kallon idona. Mu biyu muna ɗauke da magana ɗaya, amma ko a tsakaninmu ba ma taɓa ta.

Nata'ala fa? Da farko ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kullum sai ya turo, "Ummuna, ya hannun?" Har man zafi ya aiko mini. Bayan hoton ƙashi ya fito, tambayar ta koma, "Har yanzu dai?" Daga baya ta koma, "Gwaggo tana tambaya wai me likitoci suka ce takamaimai." Gwaggo Uwani ke nan, yayar babansa, wadda ke haɗa lefe. Ta taɓa zuwa duba ni, na durƙusa na miƙa mata ruwa da hagu saboda jug ɗin ya yi wa daman nauyi. Ta kalli hannun, ta kalli fuskata, ta ce azumi take yi. Ranar Talata.

Makon jiya na je ƙaramin asibitin unguwa karɓo wa Ya Kaka maganin hawan jini, na yi ƙarfin hali na nuna wa likitan hannuna. Ya ce in ɗaga shi ta gefe, na kasa. Ya ɗaga mini da kansa ya saki, hannun ya faɗo. Ya ce hoton ƙashi ƙashi kawai yake gani, jijiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi ba ta fitowa a cikinsa ko da ta yage. Ya rubuta mini takarda in je a yi mini sikanin.

Na kawo wa Umma takardar da murnata. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Sikanin? Budurwa? Wadda aka sa wa rana? Kul, kada in ƙara jin wannan a bakinki. Kin san su wa ke zuwa wajen nan?"

Na sani mana. Duk Kano in aka ce mace ta je sikanin, ba mai tambayar wane sashe na jikinta aka duba. Amma 'yan uwa, wata huɗu ana kallona a matsayin maƙaryaciya a gidan ubana. Na gaji.

Jiya Alhamis da safe na ce zan shiga Kurmi sayo kurkum. Na zura doguwar baƙar abaya mai maɓalli a gaba don ta yi sauƙin cirewa, na ari niƙabin maƙwabciyarmu, ni da ban taɓa sa niƙabi ba. Na tari adaidaita nesa da lungunmu. Ina ji a raina na yi dabara.

Wajen sikanin a cike yake. Benci huɗu, duk mata masu ciki, kowacce da robar ruwa a hannu tana ɗirka. Wannan da mijinta, wannan da uwarta, waccan da ƙawa suna ta dariyar sunan da za a sa wa jariri. Ni kaɗai ce ba ni da kowa, ba ni kuma da robar ruwa. Na raɓe a ƙarshen benci na rungume hannuna.

Wata dattijuwa ta zauna kusa da ni da surukarta mai tsohon ciki. Ban ɗaga kai ba. Na ji ta ja hanci sau ɗaya, ta sake ja.

"Ikon Allah. Wannan humrar gida ɗaya ake haɗa ta a garin nan."

Muryar Gwaggo Uwani ce. Na rufe fuska, na rufe hannu, na manta cewa duk tufafin da ya kwana a gidanmu sai ya faɗi inda ya fito. Na yi kamar ba da ni take ba, ina addu'ar ta ɗauka wata amaryar da muka gyara ce. A daidai lokacin nas ta leƙo da kati a hannu ta ɗaga murya yadda har na bakin titi zai ji.

"Ummulkhairi Goni Mustapha!"

Na miƙe. Me zan yi? Na so in juya in ce, Gwaggo, kafaɗa ce. Amma ta riga ta kau da kai tana tafa hannu a hankali, nas kuma tana cewa in yi sauri.

Likitar mace ce, Dakta Hasana, 'yar siririya mai gilashi. Ba ta ce in kwanta ba, kujera ta nuna mini. Ta taimaka mini na zare hannun abaya, ta matsa mini wani mai mai sanyi a kafaɗa, ta ɗora kan na'urar. Ta ce bari ta fara da ta hagu mai lafiya don in ga bambanci da idona.

"Kalli talabijin ɗin. Kin ga wannan farin layin mai haske a ƙasa? Ƙashi ne. Wannan da ya kwanta a kansa kamar zaren da aka taje, ita ce jijiyar da ke ɗaga miki hannu ta gefe. Kin ga yadda ta tafi sumul?"

Na ce na gani. Ta dawo dama, ta ce in kai tafin hannuna bayan ƙuguna kamar zan gyara ɗaurin zani. Da ƙyar na kai, gumi ya karyo mini. Ta zagaya da na'urar a hankali, ta tsaya, ta koma baya kaɗan, ta danna wani maɓalli hoton ya tsaya cak.

A tsakiyar zaren akwai wani baƙin gurbi.

"Ga shi nan," in ji ta. "Ta yage fiye da rabi, saura kaɗan ke riƙe da ita. Wannan duhun a gefe ruwa ne ya taru saboda kumburin ciki. Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Ta cire gilashi ta dube ni. "Wata huɗu? Da wannan hannun kike wanki da shara? Baiwar Allah, yaya kike barci?"

Shi ke nan, ta ɓallo ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, har da majina, a gaban matar da ban taɓa gani ba. Ba zafin ne ya sa ni kuka ba. Wata huɗu nake jiran mutum ɗaya ya yi mini wannan tambayar. Ta bar ni na gama, sannan ta ce irin wannan yagewar a shekaruna ba ta zuwa haka kawai, sai an fizgi hannu ko an tare abu mai nauyi ba shiri. Me na tara? Na faɗa mata. Ita ce mutum ta farko da ta ji.

Ta ce in daina duk aikin da ke ɗaga hannu, kada wani mai ɗori ya sake ja mini shi. Ta ce in kai sakamakon wajen likitan ƙashi, shi zai yanke ko gashin ƙashi zai wadatar ko sai an ɗinke, kuma wataƙila ya nemi babban hoto na na'urar da ake shigar da mutum cikinta kafin ya yanke. Ta yago mini hoton a 'yar siririyar takarda baƙi da fari, ta haɗa da bayanin da ta rubuta da Turanci, ta sa a ambulan.

Da na fito Gwaggo Uwani ba ta nan. Surukarta kaɗai na gani, ita ma ta sunkuyar da kai kan waya.

Ku yi mini dariya in kun so, amma a cikin adaidaita murna nake. Na rungume ambulan ɗin kamar takardar gama makaranta. Ga shaida. Duk wanda ya ce ƙarya nake, ga ciwona an ɗauke shi hoto.

Ina shiga ɗaki waya ta yi ƙara. Nata'ala.

"Gwaggo ta ce ta gan ki."

"Da niƙabi."

"A layin masu ciki."

"Na kira Umma da safe, ta ce Kurmi kika tafi."

Saƙo huɗu a jere, babu sallama, babu Ummuna. Ni kuwa saboda zumuɗi ban tsaya dogon bayani ba. Na shimfiɗa 'yar takardar a kan gado na ɗauke ta hoto na tura masa, na rubuta a ƙasa, "Duba da idonka. Ga abin da na daɗe ina fama da shi ni kaɗai."

Sai da ya tafi na lura da kamanninsa. Baƙi da fari, 'yar siririyar takarda, wani dunƙulen duhu a tsakiya. Sak irin wanda matan aure ke sawa a sitatus da addu'ar Allah ya raba lafiya.

Ya buɗe. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata nawa ne? Na waye?"

Na daɗe ina kallon kalmomin nan. Shekara biyu yana zuwa zaurenmu. Ya san ko hannuna bai taɓa riƙewa ba, ya san ranar da ya matso kusa na tashi na bar masa tabarmar. Wata huɗu ina faɗa masa kafaɗata, kafaɗata. Bayanin likita yana nan gefena, daƙiƙa biyar ta isa in ɗauka in tura. Na ɗauko shi har na saita kyamara. Sai na ji hannuna na hagu ma ya ƙi. Na kife wayar.

Ba a jima ba wayar Umma ta yi ƙara a tsakar gida. Na ji tana "Na'am, Hajiya... na'am," muryarta na ƙanƙancewa. Ta ɗaga labulena ta tsaya a bakin ƙofa. Na miƙa mata ambulan na ce, "Umma, kafaɗar ce, ta yage, ga shi an gani." Ba ta karɓa ba. Ba hannuna ta kalla ba, cikina ta kalla. Uwar da ta haife ni. Daga nan ta saki labulen.

Ba wanda ya sake yi mini magana a gidan har wayewar gari. Tuwona ma a bakin ƙofa aka ajiye.

Yau Juma'a bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Baffannin Nata'ala biyu ne, sun ce suna son ganin Goni shi kaɗai. Na ji Baba ya sallami ɗalibai. Gidan ya yi tsit, ko tafasar tukunya ana ji.

Sai ga Ya Kaka ta shigo ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba, kullum ni ke zuwa nata. Ta zauna a bakin gado ta ce in nuna mata. Na ba ta 'yar takardar, na nuna mata farin zaren, na nuna mata inda ya rabu. Ta kai ta kusa da idonta, ta ɗora ɗan yatsanta mai jan lalle a kan baƙin gurbin.

"Wannan duhun," ta ce, "ni ce?"

Ta gyaɗa kai, ta miƙe ta tafi ɗakinta. Da ta fito ta naɗa lafayarta ruwan goro, wadda ba ta sawa sai ɗaurin aure ko gaisuwar mutuwa. Ta karɓi ambulan daga hannuna.

"Tashi ki raka ni zaure."

"Ya Kaka, maza ne a ciki."

"Ni na haifi mai zauren."

"Baba zai kai ki Rijiyar Zaki. Ya rantse. Kwalabenki, amarenki..."

"Kama ni," ta ce. "Da na hagun."

Muka ratsa tsakar gida a hankali. Umma ta miƙe daga bakin murhu da ludayi a hannu. Mun kai daf da labulen zaure, ina jiyo muryar babban baffan yana cewa su ba tonon asiri suka zo ba, sai wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Na saki Ya Kaka na duba.

"Ummuna, na nuna wa wani abokina da ke aiki a asibiti, ya ce wai kafaɗa ce, har an rubuta a gefen hoton. Ki yi haƙuri don Allah. Yanzu zan kira su Baffa su taso. Ki ɗauki waya."

Ya nuna wa abokinsa. Ya ɗauki abin da ya zata cikin shege ne a jikina, ya kai wa wani ƙato ya duba masa. Abokin ya faɗa sau ɗaya ya yarda, ni na faɗa wata huɗu.

Duk da haka na riƙo lafayar Ya Kaka, na yi ƙasa da murya. "Tsaya. Ya gane, zai janye su. Ba sai kin faɗa ba, mu koma ciki."

Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar Larabar nan. Idanunta sun cika taf.

"Shi ya dame ki? Ni ba don shi zan faɗa ba. Uwarki ta kalli cikinki jiya, ina tsaye ina gani."

Wayar ta fara ruri, sunan Nata'ala yana haske a kanta. Hannu ɗaya gare ni mai aiki, kuma Ya Kaka tana jiran wanda zai ɗaga mata labule. Na ajiye wayar a kan randa tana ta kuka, na ɗaga.

"Salamu alaikum," in ji Ya Kaka. "Goni, gyara mini waje. Ni ce na faɗo daga bene."